Makara a Ƙofar Inna Hajjo

A layinmu na Banifandu, in ka ji ƙarar kamiyo, wato babbar motar kaya, da safe a lokacin da zafi ya kai maƙura, to jar ƙasa ce aka kawo. Haka mazan layin suke yi kowace shekara kafin damina. Su sa a zubo musu ƙasa, su baje ta a kan hanya, su daddanne, sannan su koma fada, wurin hirarsu, su ɗora shayi suna yaba wa junansu. Ruwan farko zai kwashi rabi ya kai ƙofofin mutane, sauran kuma ya zauna daram, hanya ta ƙara tudu. Da ta ƙara tudu sai kowane maigida ya kira magini ya ƙara wa dokin ƙofarsa layin tubali, don kada ruwa ya shigo masa. Ruwan da bai shiga gidanka ba kuwa ai ba sama zai koma ba, gidan maƙwabcinka zai nufa.

Ni sunana Balkisa, tela ce, kuma kekena a zaure yake, don haka duk abin da ake yi a layin a kan idona ake yin sa. Maigidana Isaka direban taksi ne, kuma a ƙara tubali babu wanda ya kama ƙafarsa. Dokin ƙofarmu ya kai sai na tattare zane kafin in haura. In baƙo ya yi tuntuɓe da shi, daɗi Isaka ke ji, har ya ce ko kogin Isa ne ya zo sai ya yi sallama.

Gidanmu ne na ƙarshe, a nan layin ya toshe. Bayan katangarmu akwai titin kwalta mai babban kanibo, inda ruwa ke gudu ya tafi abinsa. Tsakanin ruwan layinmu da wannan kanibo babu komai sai tsakar gidanmu da rumfar da Isaka ke ajiye taksinsa. Na sha gaya masa a buɗe wa ruwa hanya ta gefen katanga, amsarsa kuma ba ta canzawa.

"Ni da gidana in zama kwatar unguwa? Ruwan wankin kowa ya bi ta gaban ɗakina? Ki yi haƙuri, hukuma za ta zo ta yi muna kanibo."

Mun yi haƙurin har na aurar da ƙannena biyu.

Wanda ke shan wahalar wannan jira ita ce Inna Hajjo, tsohuwar da gidanta na ƙasa ke manne da namu. Ƙofar gidanta ba ta girma, hanya kuwa kullum hawa take yi, sai ƙofar ta yi ta nutsewa. Ta kai in za ka shiga sai ka duƙa, ka sa ƙafa a kan wasu duwatsu ka gangara, ka sha kwana a ɗan zauren, sannan ka ga tsakar gida. Tagar ɗakinta da a da ba ka iya leƙawa sai ka yi ɗage, yanzu awaki ke leƙa ta. Ga ciwon gwiwa. Ta kai Inna ba ta fita sai an kama ta.

Ina son matar nan, ba na ɓoyewa. Lokacin da na haifi Safiyatu mahaifiyata tana can Dogonduci ba lafiya, Inna Hajjo ce ta yi mini wankan jego har na gama, ta dama mini kunu, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. Kuma ba ni kaɗai ba. Ita ce mai wankan gawar mata a unguwar. Da wuya ka sami namiji a layinmu wanda ba ita ta wanke uwarsa ko matarsa ko ƴarsa ba, har da mahaifiyar Isaka.

Wata damina ruwa ya shiga ɗakinta ya kai gwiwa, bangon gabas ya jiƙa ya tsage. Ɗanta Halidu, makaniki ne a Bukoki, ya zo ya duba bangon ya yanke magana a gabana. Ya ce in ruwa ya sake shiga gidan ko sau ɗaya, zai ɗauke ta ya kai ta ɗakin hayarsa ko tana kuka, ya sayar da filin. Ban ga laifinsa ba, bango ba ya jiran shawara. Amma Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, a nan mijinta ya cika, kuma daga nan za a ɗauke ta. Ni ma in na tuna za a wayi gari babu ita a gefen katangata sai abinci ya fita raina.

Da shekara ta zagayo, ranar da kamiyo ya iso wata Asabar ce da hantsi. Ya tsaya a bakin layi yana huci, mazan fada suna ta nuna wa direban inda zai juye. Sai na ji Inna tana buga katanga da sandarta, yadda take kirana. Na duƙa na gangara na same ta zaune a kan kujerarta, ta ci ado da farin mayafi, har da kwalli.

Ta ce, "Ɗiyata, tahi masallaci ki ce ma Malam Bala ladan in ji ni, ya kawo makara gidana."

Na ƙura mata ido. Na ce, "Inna, lafiya?"

"Lahiya lau. Tahi kawai, kahin su juye ƙasar can."

Na tafi. Malam Bala ya zare ido ya tambaye ni ko ta cika. Na ce tana nan da ranta, ita ma ta aiko ni. Ya ce shi tun da yake bai taɓa kai wa mai rai makara ba, wannan ai kiran mutuwa ne. Na ce to ya je ya gaya mata da bakinsa. Ya ja gemunsa. Matarsa ta farko Inna ce ta wanke ta, ya san haka, ni ma na sani. Ya kira mutum uku suka ɗauko.

Ka san makara ba ta tafiya ita kaɗai. Tana shigowa layin aka bar kamiyo, aka bar shayi a kan wuta, mata suka fito suna salati, wani ya buga wa Halidu waya ya taho a kan babur kamar zai tashi sama. Isaka ya riga kowa isa ƙofar, hularsa a hannu, idonsa ya yi ja. Sai ga muryar Inna daga ciki.

"Fofo, ƴaƴana, sannunku da zuwa. Ban mutu ba, kar kowa ya ɓata hawayenshi. Ku shigo mini da ita."

Aka tsaya ana kallon juna. Halidu ya leƙa ta ƙofar ya ce, "Inna, wane irin abu ne wannan? Kin san halin da na taho?"

"Na sani, kala suru, yi haƙuri. Amma ku shigo da ita. Ku ne za ku ɗauke ni wata rana, ina son in ga yadda za ku yi."

Babu wanda ya iya ce mata a'a. Isaka ya kama gaba, Malam Bala da sauran suka kama baya. Suka duƙa suka cusa kan makarar, ta shiga kaɗan ta tokari bangon zaure. Suka fito da ita suka karkata ta gefe, ƙafarta ta kama saman ƙofa, ƙasa ta zubo wa Isaka a ka. Suka miƙar da ita tsaye kamar za su zura tsani a rijiya, ta ƙi shan kwana. Zufa ta jiƙa su. Wani daga baya ya ce a cire ƙyauren, aka cire, bai ƙara komai ba. Tun yara na dariya har suka daina, don sun ga manya ba dariya suke yi ba.

Inna ta sa na kama ta, ta taka har gindin duwatsun, ta ɗaga kai tana kallon mazan da ke tsaye a samanta.

Ta ce, "To, kun gani. Babu kowa cikinta ta ƙi shiga. In da ni a ciki, ta ina za ta hita? Ko ta kan katanga za ku miƙa ni kamar buhun hatsi?" Ta juya ga maigidana. "Isaka, ran da na gama wanke uwarka, ta ƙohwa kuka hitar da ita, a miƙe, da mutuncinta. Ni abin da nika roƙo ke nan. Ban ce ku gina mini bene ba."

Isaka ya dube ta. Ya saki makarar, ya karkaɗe ƙasar kansa, ya tsaya yana kallon dokin ƙofarmu da yake alfahari da shi. Daga nan ya wuce bakin layi. Muna hango shi yana magana da direban kamiyo, sai muka ga motar ta juya da ƙasarta. Da ya dawo bai kalli kowa ba, ya ce da ni, "Maman Safiyatu, kwashe kayanki daga gefen katanga. Zan fitar da mota."

Na ce, "Rumfar fa, Baban Safiyatu?"

Ya ce, "Mota ta kwana waje, ai ba a wanke ta a kai ta kushewa."

Aikin bai zo da sauƙi ba, kada in yi ƙarya. Sai da mai unguwa ya yi ta sintiri kafin a turo wanda ya duba wurin ya yarda a haɗa da babban kanibo. Akwai maƙwabcin da ya ce shi ba za a taɓa masa gaban gida ba, sai da Malam Bala ya zauna da shi bayan la'asar. Amma an yi. Mazan da suka shekara suna zuba ƙasa su ne suka koma kwashe ta da buruweti, baron nan na turawa, kuma in ka ji yadda suke ba juna umarni sai ka rantse tun can ra'ayinsu ne. Aka rage tudun hanya, aka haƙa magudana tun daga bakin layi, ta ratsa gaban gidan Inna, ta shiga ta ƙarƙashin katangarmu, ta bi inda rumfa take ta faɗa kanibo. Aka shafe ta da siminti aka rufe ta cikin gidanmu. Mu mata muka ɗauki alkawarin shara da leda ba za su shiga ba, kuma ni aka ba tsaron, tunda idona a kan layi yake kuma bakina ba ya ciwo. Halidu ya gyara bangon uwarsa, amma bai janye maganarsa ba. Ya ce ruwa ne zai yi hukunci.

Ruwan ya zo wata Talata bayan azahar. Gabas ta yi baƙi, iska ta ɗebi robobi da tabarmi, sannan aka sake shi kamar da bakin ƙwarya. Na bar ɗinki na tsaya a zaure ina kallo. Ruwa ya gangaro daga saman layi jajawur, ya zo daidai ƙofar Inna inda ya saba tsayawa ya taru, sai na ga ya sunkuya cikin magudana ya wuce. Ina jin gurnaninsa ƙarƙashin tsakar gidanmu. Isaka yana waje tsamo-tsamo da sanda a hannu yana zaro leda daga bakin ramin, yana yi wa ruwan tsawa kamar fasinjan da ya ƙi sauka. Kafin a ɗauke sai ga Halidu ya iso a jiƙe, ya faɗa gidan, na bi shi. Muka sami Inna zaune a kan tabarma busasshiya tana tsince zogale.

Ta dube shi ta ce, "Ka zo ɗaukata?"

Ya shafa bangon, ya duba ƙasan ɗakin, ya zauna kusa da ita ya jawo tiren zogalen gabansa.

Inna ta ƙara damina uku a ɗakinta. Da ƙofa ta dawo daidai da hanya ta koma fita da sandarta, ta je suna, ta je gaisuwa, ta zo zaurena ta zauna tana kushe ɗinkina. Ta rasu da rana tsaka a watan Agusta, ana yayyafi. Ni da wasu mata biyu muka wanke ta yadda ta koya mana, na yi kuka har na gode Allah. Da muka gama, maza suka shigo da makara ba tare da ta taɓa bango ba. Isaka ne a gaba, Halidu a gefensa. Ina tsaye a tsakar gida na ga sun fita da ita ta ƙofa, a miƙe, babu wanda ya duƙa.