Jayayyar Hadiyya a Zauren Jami'a

Ku ji daga bakina, don masu baza labarin nan a kasuwar Sankaryaare ba su je ba. Ni kuwa ina layin gaba, cikin sabon leshina.

Hadiyya 'yar ƙanena ce, Shitu mai goro. Ni lakwal, wato boko, ɗan kaɗan na yi aka cire ni, ita kuwa ta shiga ta ƙi fitowa. Ta gama jami'a a nan Wagadugu, ta ce tarihi za ta yi, tarihin ma na sufaye. Ta je Kano, ta je Kaulaha, ta je Fas, ta dawo a rame da jaka cike da littattafai.

Yadda take aikinta shi ya jawo komai. Ba ta zaman ofis. Duk Juma'a da la'asar tana zawiyar Malam Ramalan, muƙaddamin Tijjaniyya na Zango, a bayan labule cikin mata, ana zikiri tana zaune. In an watse sai ta ajiye wayarta gaban Malam, yana ba ta labarin shehunan da suka biyo fataken goro har ɗariƙa ta iso nan, tana ɗauka. Ranar Lahadi kuma ta hau moto sai unguwar Dassasgho, gidan wani Mushe Rasmane, tsohon ma'aikacin gidan waya. Shi da mutanensa fararen riguna suke sawa, su kunna kyandir, su rufe ido, wai darussan asiri ake aiko musu daga ƙasar Turawa. Hadiyya ta ce su ma ɓoyayyen ilimi suke nema ta hanyar zamani, kuma littafinta a kan duka biyun ne. Shekara da shekaru tana haka. To mu nan, wanda ya daɗe a tabarmarka, ya ci tuwonka, ya zo sunan jikanka, ai naka ne. Ba sai an faɗa ba.

Sai ranar sutanas ta zo, wato ranar da za ta kare littafin gaban manyan malamai. Tun jajibiri ta zaunar da ni.

"Gwaggo, gurbin koyarwa ɗaya ne a sashen tarihi. In na fita da babbar daraja nawa ne, in ban fita ba a ba wani. Za su yi mini faɗa gaban kowa, al'adarsu ce, ba gaba ba ce. Don Allah ku zauna shiru."

"Ni?" na ce. "Yaushe kika taɓa jin bakina a taro?"

Ta dube ni kawai.

Wayyo, da kun ga Zango ranar! Har waɗanda suka koma unguwar Tampouy sun zo. Kuloli na zom-kom, ruwan geron nan mai sanyi, dambu, soyayyun kaji, duk an jere a bakin zaure. Kusa da ni ƙawata Indabo, Bakanuwa mai atamfa, wadda ko gaisuwa ba ta iya da Faransanci ba, don haka ni ce tafintarta. Bayanmu Malam Ramalan da rawaninsa da muridansa. Can gefe Mushe Rasmane cikin kwat, ya rungumo furanni.

Malaman suka shigo cikin manyan riguna kamar alƙalai. Hadiyya ta tashi ta yi ta zuba Faransanci ba gargada, ni da kaina sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Daga nan aka ba wani tsohon farfesa mai gilashi, wanda aka ɗauko daga Dakar. Ya fara: nan ta yi tsawo, can ta yi gajarta.

"Me yake cewa?" in ji Indabo.

"Wai littafin ya yi masa nauyi, sai a baro aka kai masa."

"Shi ya rubuta rabinsa mana! Ji kai kamar ƙwaryar fura."

Farfesan ya cire gilashi, ya rage murya. Wannan kam na ji shi sarai.

"Madam, wanda ya karanta littafin nan zai ji kamar daga cikin ɗaki aka rubuta shi. Gaya mana gaskiya, ke mai binciken tarihi ce ko muridiya? In kin karɓi wuridi, ko kin yi rantsuwa a wata ƙungiya, to wannan yabon gida ne, mu kuwa ba mu ba da daraja a kan yabon gida."

"Me ya ce kuma?" Indabo tana zungurina.

"Yana tambaya ko muridiyar wani ce. Wai ta faɗa ita ta wane ce."

Ni dai Allah bai yi ni da raɗa ba. Malam Ramalan ya ji. A Zango kuwa ba a tambayar mutum shi na wane ne cikin taro babbansa yana zaune. Sai ga rawani ya miƙe.

"Tamu ce!" Muryar nan da ke cika zawiya ba lasifika. "Kakanta a hannun mahaifina ya karɓi ɗariƙa. Ba Juma'ar da ba ta zo. Wa ya ce ba ta da kowa?"

Muridai suka amsa, "Na'am, Malam!" Shitu yana ta gyaɗa kai, baki har kunne. Wani cikin malaman ya karkata yana fassara wa na Dakar, shi kuwa ya ɗauki alƙalami ya fara rubutu. Nan na gane Malam da zuciya ɗaya yake ƙwace wa yarinyar nan aikinta.

Ban gama wannan tunani ba sai ga furanni sun tashi sama.

"Pardon! Pardon!" Mushe Rasmane ne, ya juye zuwa Hausarsa ta kasuwa. "Madam 'yar'uwarmu ce a cikin haske. Kujerarta tana gidana, ba mai zama a kai!"

Malam ya sunkuyo wajena. "Hajiya Inna, wane ne wannan mai furanni?"

"Allah gafarta Malam, na Dassasgho ne. Masu kyandir."

"Kyandir? Wuta ce ba a kai musu ba?"

"Malam, haskenmu ba na waya ba ne," in ji Rasmane.

"To ku riƙe abinku, ku bar mana 'yarmu."

Zaure ya kaure! Masu rawani na nan, masu kwat na can, Indabo ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu ba ta ma san da wa za ta yi ba. Shugaban malaman yana ta bugun tebur. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, rabona da jin daɗi irin wannan tun bikin autata.

Hadiyya ta ɗaga hannu, ta roƙi izini ta yi wa mutanen biyu tambaya. Aka ba ta. Ta sauko ta rusuna gaban Malam.

"Allah gafarta Malam, ranar da na fara zuwa da wayata, me na ce?"

"Kin ce rubutu za ki yi."

"Malam ya taɓa ba ni wuridi?"

Muridansa duk sun zuba masa ido, ga baƙi, ga masu kyandir. Yanzun nan ya gama cewa tasa ce. Da ya ce e, ba wanda zai musa masa, kuma da shi ke nan. Ya ja carbi, ya sake ja.

"Na yi miki tayi, ba sau ɗaya ba. Kullum sai ki ce a bari tukuna."

"Na karɓa, Malam?"

"Ba ki karɓa ba."

Ya zauna a hankali. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Ta juya wajen Rasmane. Shi ma ya yarda ba ta taɓa sa farar riga ba, ba ta yi rantsuwa ba. "Ko lokacin rufe ido ma," ya ce, "idonta biyu, tana kallon kowa."

"To kai me ya buɗe naka?" na ce.

Dariya ta fashe, har na Dakar da aka fassara masa sai da ya toshe baki da hankici. Hadiyya ta koma mazauninta ta ce da malaman, ɗakunan biyu duk ta shiga, amma a bakin ƙofa ta zauna. Ta ce su duba babi na uku, inda ta saɓa wa Malam kan shekarar da shehun farko ya sauka Zango, saboda takardun Nasara sun nuna wata shekara daban.

Na fassara wa Indabo. Daga bayana na ji Malam ya ce, "A ina ta saɓa mini?"

Malaman suka fita shawara. Kun san ko zom-kom ba wanda ya taɓa? Shitu ya kasa zama, sai kai da komo. Da suka dawo aka ce kowa ya miƙe. Shugaban ya yi ta jan magana, ya yi ta ja, ni dai abu biyu nake jira, sai ga su: Dokta, da daraja mafi girma!

Na rangaɗa guɗar da sai da mai gadi ya leƙo. Indabo ta rungume wata mai kyandir tana kuka. Rasmane ya miƙa furanninsa, duk sun karye.

Malam Ramalan kaɗai bai motsa ba. Hadiyya ta ratsa mutane, da rigar da aka yafa mata, ta durƙusa gabansa.

"Malam, a yi haƙuri."

Ya ɗago kai ya dubi rigar.

"Dokta ko?"

"E, Malam."

"Ran Juma'a ki zo mini da takardar Nasaran nan. Ina so in ga shekarar da idona."

Da aka koma karatu ta fara koyarwa. Na je na leƙa ajin ta taga, yara fal, sun yi tsit, ita tana gaba da alli a hannu. Mai gadi ya ce in matsa. Na ce masa ya san gwaggon wa yake kora kuwa?