Koriyar Riga

Eulalio Treviño yana cikin guga da safe sai wata koriyar riga ta faɗo daga cikin rigar filon 'yarsa Yesenia.

Yau ce ranar da makarantun kwarin da suke zaune suka ware, kowane ɗalibi mai gama sakandare zai hau dandamali sanye da rigar makarantar da ya zaɓa, iyaye na tafi. Yesenia ta ce shuɗiya za ta sa, ta kwalejin bayan gonar lemo, don ta riƙa kwana a gida. Tun rasuwar mahaifiyarta ita ke huda masa yatsa kullum ta auna suga, domin shi ko kallon allura ba ya iyawa. Ranar da ta faɗa masa shuɗiyar ta zaɓa, daɗi ya hana shi cin abinci.

Koriyar kuwa ta jami'ar arewa ce, inda wata malamarsu ta kai su ziyara a bas, aka kuma ba Yesenia gurbi. Ya shinshina. Ƙamshin gashinta duk ya kama ta. Ashe da ita take kwana.

Tururin guga ya tashi, ɗakin ya yi fari. Sai ya ga dusar ƙanƙara, wadda bai taɓa gani ba, tana sauka a hankali kan bishiyoyin lemo, Yesenia na ratsa su rungume da littattafai, ba ta waiwayo. Ya kira ta, murya ta ƙi fita. Tururin ya juya, sai ga ta kuma zaune a bakin teburin nan, cikin shuɗiya, furfura ta fito mata, tana riƙe da yatsansa.

A waje maƙwabcinsa Chuy ya danna hon, yana tsokanarsa wai ko auren rigar zai yi.

Yesenia ta fito tana tsane gashi. Ya miƙa mata koriyar, da ɗuminta.

Ta daɗe tana kallonta. "Apá, babana, wa zai riƙa auna ka?"

"Wai ke kin ɗauka yaro ne ni, mija, 'yata?"

Ya jawo na'urar auna sugan, ya kau da kai, ya huda. Sai a karo na uku jini ya fito. Lambar ta bayyana, ta yi sama fiye da yadda ya taɓa gani. Ya ɗora babban yatsa a kai, ya rufe ta.

"Lafiya lau," ya ce. "Sa rigarki kafin ta huce."