Sai An Busa Usur

Motar alhazan Maraɗi ta riga ta fara ja daga harabar Bi'ir Ali, inda ake ɗaura harami a bayan Madina, lokacin da Saif, wanda ya rako su daga otal, ya hango jakar hannu a kan benci. Ta Hajiya Uwa ce, tsohuwar da ta kwana uku a otal ɗinsu tana gaya wa kowa cewa allurar sukarinta na ciki. Ya ɗauka ya cilla wa Mu'azzam.

"Yalla ya Kyaftin, nuna mana gudun Amurka."

Mu'azzam ya cafe da hannu ɗaya. Ɗan dako ne a otal ɗin da ke Anbariyya, shekararsa arba'in da huɗu. A Kano aka haife shi, aka tafi da shi Amurka yana ɗan shekara tara, ya tashi cikin irin ƙwallonsu, wadda ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Aikinsa ɗaya ne: a danƙa masa ƙwallo, ya rungume ta ya kutsa cikin ƙartai har ya tsallake layin cin maki. Shekara huɗu ya yi wa jami'a, uku ya yi wa kulob, har an buga rigarsa ana sayarwa. Abin da ya tsira da shi gwiwa ce mai ƙara da kai mai yoyo. Yakan shiga lif da akwati ya manta hawa na nawa zai je.

Shi ya sa ya zo Madina. Ya ce wa matarsa Tasallah in hankalin zai tafi, gara ya tafi kusa da Manzo, a binne shi a Baƙi'a. Iƙamarsa kuwa, takardar izinin zama, ran Alhamis za ta ƙare, kuma sai Saif, shugaban 'yan dako, ya yarda za a sabunta. Saif ɗan ƙasa ne, jikan Hausawa, yana jin Hausa sarai amma da Larabci ya fi son zagi. Tun Asabar ya ce kuskure ɗaya ya rage masa.

Mu'azzam ya cusa jakar a hammata, ya sunkuyar da kai, ya zura. Gwiwar ta manta da ciwonta. Ya goce wa mai tura keke, ya tsallake jarkar ruwa, masu harami suna darewa. Wani dattijo ya tsaya masa a hanya, ya sa tafin hannu ya hankaɗe shi, tsohon ya zube yana laluben zaninsa. Bai waiwaya ba, don an hore shi kada ya waiwaya. Rabonsa da jin daɗi irin wannan ya fi shekara goma.

A bakin get ya cim ma motar. Hajiya Uwa ta sauko tana shi masa albarka, ta kama igiyar jakarta.

Nan abin ya lalace. Tun yana ɗan shekara sha biyu ake dukansa a kan abu ɗaya: in hannun wani ya taɓa ƙwallo, ka ƙara matsewa, kada ka saki sai an busa usur. Ta ja, ya matse. Direba ya kama, Mu'azzam ya ƙara matsewa. Sannan ya faɗi kan kwalta mai zafi ya dunƙule, jakar a ƙarƙashin cikinsa.

"Ɗana, maganina ne," in ji tsohuwar. "Don Allah ka ba ni."

Wani ya ce ɓarawo ne. Alhazai sun ɗaura niyya, ba halin duka, sai suka ja gefe. Direbobi ba su ɗaura komai ba.

Saif ya iso ba gaggawa. Ya san maganin abin, don ya taɓa faruwa a otal da akwatin wani Bature, kuma usur ɗin da yake tsayar da motoci yana rataye a wuyansa. Sai ya ciro waya ya fara ɗaukar bidiyo. Ya ɗauki takalman da ke sauka a haƙarƙari, ya matsa kusa don fuskar ta fito sosai, ya juya ya ɗauki tsohuwar tana kuka. Da ya ƙoshi, ya busa usur ɗin.

Mu'azzam ya saki nan take. Ya miƙe, ya ba Hajiya Uwa jakarta da hannu biyu, jini na zuba daga leɓensa, yana murmushi.

"Mudir, na tsallake layin?" ya tambayi shugaban nasa.

"Ka tsallake, ya Kyaftin. Khalas, shi ke nan, babu iƙama. Ran Alhamis ka bar ƙasar, gobe kuma kada in gan ka."

A bas ɗin komawa Harra ta Gabas ya yi kuka sosai. Kafin ya sauka ya manta dalili. Da Tasallah ta tambayi leɓen, ya ce wataƙila faɗuwa ya yi. Ta wanke masa rigar aiki ta goge.

Da safe ƙarfe shida yana ƙofar otal, ya manta an kore shi, ya gai da kowa. Motoci uku ne tsaye cike da kaya, 'yan dako biyu ba su zo ba. Saif ya dube shi, ya dubi akwatunan. Saura kwana uku Alhamis.

"Ka makara," in ji Saif. "Fara da manyan."