Jirgin Da Ba Ya Kaucewa

"Sake karanto min wannan layin," in ji Malam Mamuda, ya ajiye kofin shayinsa a kan benci.

Tayyiba ta duba wayarta. Ma'aikaciyar sashen Hausa ce a wani gidan rediyo, an aiko ta ta ɗauki muryar Bahaushe ɗaya tilo da ke tuƙa jan taragon da ke bin Titin H a Washington, tun da saura kwana huɗu a rufe layin. Mintuna goma gare shi kafin ya juya daga tashar Union.

"Motar bas mai tafiya a kan dogo za ta daina aiki..."

"Tsaya nan. Wa ya ce miki bas ce?"

"Baba, edita ne. Ya ce in muka ce jirgi, mutanen gida za su ɗauka irin na Abuja zuwa Kaduna ne. Ai mil biyu kacal yake yi."

"Editan naki ya taɓa hawa?"

"A Germantown yake zaune, can nesa da birni."

"Na ga alama."

Mamuda ɗan Kafanchan ne, shekara sittin da ɗaya. Mahaifinsa Gaji ya yi shekara talatin yana zuba gawayi a injin jirgin ƙasa, abokin aikinsa Baba Katung yana riƙe da tuƙi. Gaji ya rasu, Katung yana nan da shekara casa'in, ido ya tafi, kunne garau, rediyo kuma ba ta barin cinyarsa. Ranar da Mamuda ya samu aikin nan shi ya fara kira, ya ce Baba, ɗan Gaji ya zama matuƙin jirgi. Tsohon ya yi kuka. Shekara goma ke nan duk wanda ya zauna a ƙofar gidansa sai ya ji labarin. Yau da dare kuwa zai kunna rediyo ya ji an ce bas.

"Ki hau," in ji Mamuda. "Kyauta ne. Kyautar ma hukuma na jin haushinta."

Ta zauna a kujerar da ke bayan ɗakin tuƙi. Ya buga ƙararrawa, taragon ya zame kan titi, fasinja ba su fi goma ba. Ba ya magana in yana tuƙi, doka ce, kuma ko babu doka haka Gaji ya koya masa. Amma a zuci yana ta lissafi. A College Park yake zaune, a bayan birni, kullum da safe yana bin wata hanyar masu keke, sai da ya shekara uku kafin wani tsohon Bature ya gaya masa layin dogo ne a da, tarago na ɗaukar mutum daga nan har tsakiyar birni. Washington ke nan, garin da ya fara da taragon da dawakai ke ja tun 1862, ya kai ga na lantarki ko'ina, ya wayi gari a 1962 ya kwashe komai, wasu taragun ma aka sayar wa Turai suka ci gaba da aiki. Bayan shekara hamsin da huɗu aka dawo da guntun layi da kiɗa da jawabi, aka ce somin-taɓi ne, za a ja shi har unguwar Georgetown, can ɗaya gefen birnin. Ba a ƙara ko taku ɗaya ba. Yanzu masu kwat ɗin da ba su taɓa hawa ba sun ce abin bai kai ko'ina ba.

Kusa da Titi na Takwas ya taka birki. Wata farar mota ce aka yi fakin ɗinta a karkace, gindinta ya haye farin layin da ya raba wurin fakin da hanyar tarago da tafin hannu guda. Ya buga ƙararrawa sau uku, babu kowa. Ya kira ofis a rediyon hannu, aka ce motar janye motoci tana zuwa. Ya buɗe ƙofofi, fasinjoji suka sauka suna tsaki, wata tsohuwa ta ce da ƙafa ma ta fi sauri.

Tayyiba ta leƙo. "Baba, ɗan kauce mana. Ai kaɗan ne."

Ya juyo ya dube ta. "Me kika ce?"

"Na ce ka ɗan..." Sai ta kalli inda hannunsa yake. Babu sitiyari, sai wani ɗan maƙalli da ake turawa gaba a jawo baya.

Nan take wata bas ta zo ta bayansu, ta karkata hagu, ta wuce su, ta wuce farar motar, ta tafi abinta.

"Kin ga waccan? Ita ce bas. Ko'ina aka tare ta sai ta lanƙwasa ta bi gefe. Ranar Litinin ita suka ce in koma, wai albashi ɗaya ne. Ni kuwa nan zan tsaya har mai motar nan ya gama cin abincinsa. Shekara goma ana tare ni, ana zagina, ana rubutawa a takarda cewa ba ni da sauri. Hanyar kaina aka hana ni, aka haɗa ni layi ɗaya da kowane mai fakin, sannan aka zo da agogo ana aunawa. Duk na haƙura. Amma a kashe jirgin nan kuma a canja masa suna a kunnen tsohon da ya koya min busa usur, wannan kam ban yarda ba, 'yata."

Ita dai na'urarta ta ɗaukar murya tana ta aiki. Minti goma sha takwas suka yi kafin wani saurayi ya fito daga shagon aski da tawul a wuya, ya ɗaga hannu kamar mai gaisuwa, ya ja motarsa.

Da suka kai ƙarshen layi ta sauka. "Zan gwada, Baba. Edita ne dai."

"Ki ce masa ya zo ya kauce da shi. In ya iya, bas ce."

Ƙarfe biyar saura ya tashi daga aiki, a gida kuwa dare ya riga ya yi. Yana cire rigar aiki waya ta yi ƙara, lambar Kafanchan. Ya bar ta ta yi ƙara sau huɗu kafin ya ɗauka. Dorkas ce, jikar tsohon, ta gaishe shi ta ce ga Baba.

"Ɗan Gaji."

"Ranka ya daɗe, Baba. An wuni lafiya?"

"Na ji ka a rediyo. Na ji ƙararrawar ma. Yarinyar ta ce jirgin Titin H, sau uku ta faɗa, na ƙirga."

Mamuda ya zauna a kan benci.

"Ta ce rufewa za su yi. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Baba."

"Sun ce ba ya sauri, ba ya kawo riba?"

"Haka suka ce."

Tsohon ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. "Da can ina ɗan shakka, ban dai faɗa maka ba. Na ce jirgin da ba a biyan tikiti, wane irin jirgi ne. Amma tun da har sun rufe shi kana kai, to jirgi ne. Haka suka yi mana da namu a Kafanchan."

"To, Baba."

"Gobe ka fita da wuri. Jirgi ba ya makara don za a kashe shi."

Mamuda ya ce to. Ya ninke rigar a hankali, ya sa a jaka don a goge ta kafin safiya.