Hannu Ta Ƙarƙashin Labule

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, kuma bayan wasu watanni manyan motocin Gaya suka koma zagayawa ta Lome da ƙasar Burkina, cikin ayari mai rakiyar soja. A irin wannan ayari Misbahu yake, yana jiran rakiya a garin Kaya, ranar da mahaifinsa Alhaji Bawa ya yanke jiki ya faɗi yana alwalar la'asar. Lokotoron da ya duba shi a gidan likita ya ce hawan jini ne. Ɓarin dama ya shanye, magana kuma ta tafi.

Matar Alhaji ta daɗe da rasuwa. Ba kowa a gidan sai Hamdiyya, matar Misbahu, da jaririyarta Balkisu mai wata uku. Shekara uku Hamdiyya ta yi a gidan nan ba ta taɓa kallon fuskar surukinta ba, ba ta taɓa kama sunansa ba. A durƙushe take gaishe shi daga bakin ƙofa, kamar yadda aka koya mata a garinsu Karakara. Ta fi sanin takalmansa da fuskarsa.

Ranar da za a sallame su daga gidan likita, Madam Ladi, ma'aikaciyar tausa da motsa gaɓoɓi wadda ake kira kine, ta ɗaga hannun Alhaji ta nuna yadda za a yi.

"Safe da yamma," ta ce. "In aka bar shi, yatsun nan za su naɗe su shige tafin hannu. In suka daɗe a haka, ba mai sake buɗe su. Wa zai riƙa yi?"

"Ni mana," in ji Malam Harun, maƙwabcin Alhaji kuma abokinsa na tuƙi. "Shekara talatin muna taka wa juna baya a tashar Paraku."

"Baba, wannan ba bayan direba ba ne. Ba a ja, ba a murɗawa."

"Ke dai ƴar nan, kafin a haife ki nake tausa."

Malam Harun ya riƙe amana. Shi ke yi wa abokinsa wanka, shi ke juya shi. Amma a rana ta uku, Hamdiyya na dama kunu, ta ji wata ƙara daga ɗakin Alhaji wadda ba ta yi kama da ta mutum ba. Ludayi ya suɓuce mata. Malam Harun ya fito daga ɗakin.

"Ja kaɗan na yi, wallahi, kaɗan."

Kafaɗar ta kumbura. Daga ranar, da ya miƙa hannu wajen ɓarin nan sai Alhaji ya kama gurnani, har Malam Harun ya rantse ba zai sake taɓa shi ba.

Da yake Hamdiyya ba ta ɗaga kai, duk sa'ad da ta durƙusa ta ajiye kunu, hannun ne ke daidai idonta, yashe a kan tabarma. Rana ta biyar ƙaramin yatsa ya lanƙwashe. Rana ta takwas sauran suka bi shi. Rana ta goma sha ɗaya babban yatsa ya shige ciki, hannun ya dunƙule kamar yana ɓoye wani abu. Ta daina cin abincin kirki. Ko Balkisu ta dunƙule hannu wajen shan nono, sai ta yi maza ta ware mata yatsun.

Misbahu ya kira, muryarsa na yankewa. Ya ce an yi harbi a hanyar Dori, ba wanda ya san ranar tashi.

"Hannun Baba fa? Da shi ya ɗora ni a kan sitiyari. Ana yi masa abin da aka ce?"

"Da sauƙi," ta ce. Bayan layin ya katse ta zauna tana istigifari.

Ranar kasuwa da hantsi Madam Ladi ta biyo a kan moto, ɗan babur ɗinta. Ta yi ƙoƙarin buɗe hannun, ta ga farce ya fara huda tafin, wurin har ya soma wari. Ta fito fuska a ɗaure, ta tarar da Hamdiyya ta miƙe ƙafafu, Balkisu na kwance a cinyarta bayan wanka. Tana shafa mata man kaɗe, tana bin damtse da babban yatsa har zuwa tafi, tana ware yatsun ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar ta yi lamo.

"Wa ya koya miki wannan?"

"Kakata. Ita ta yi mini da na haihu, har bayana ya saki."

"To ƙanwata, abin da nake nema ke nan. Abin da ke sa wannan barci shi zai saki jijiyar tsohon can. Ni ɗaya ce, marasa lafiya sun fi arba'in, ba zan iya zuwa kullum ba."

"Madam, surukina ne."

"A shari'a ubanki ne. Tambayi kowane malami."

"Na sani." Hamdiyya ta sunkuyar da kai. "In na taɓa shi ya yi ƙara irin ta ranar nan fa? In ya cika a hannuna, me zan ce wa Misbahu?"

"In ya dawo ya tarar da hannun a dunƙule, me za ki ce masa? Mako biyu na ba hannun nan. Bayan haka ko ni ba abin da zan iya."

Washegari da safe Hamdiyya ta kwance igiyar shanya, ta roƙi Malam Harun ya ɗaura ta daga taga zuwa ƙusar bango, ta rataya zanen atamfa har ƙasa. Alhaji na can ɓangaren, ita tana nan.

"Wannan kuma wane sabon asibiti ne?" in ji Malam Harun.

"Baba, turo mini hannun ta ƙasa. A hankali, ka tallafi gwiwar hannun."

Hannun ya fito ta ƙarƙashin zanen, sanyi ƙalau, da nauyi kamar ba na mai rai ba. Ta yi bisimilla, ta narkar da man kaɗe a tafinta, ta fara daga damtse. Jijiyoyin sun yi tauri kamar igiyar guga. Da ta iso wuyan hannu sai ya zabura, ya kama karkarwa shi kaɗai. Alhaji ya ja wani dogon nishi. Daga nan shiru.

Hamdiyya ba ta iya saki, ba ta iya ci gaba, ba ta kuma iya ɗaga zanen ta duba.

"Baba Harun," ta ce da ƙyar, "yana numfashi?"

Ta ji motsin Malam Harun, ta ji ya sunkuya.

"Yana yi. Hawaye ne kawai. Ci gaba, ƴar Karakara, bai yi miki gurnanin da yake yi mini ba."

Ranar ƙaramin yatsa kaɗai ta iya warewa. Ta yanke farcen, ta wanke tafin da ruwan ɗumi, ta naɗe ƙyalle ta sa a ciki. Da yamma ya sake rufewa, ta sake buɗewa. Haka suka yi ta yi. Kowace safiya kafin hannun ya fito sai ta yi ta addu'a, don ba ta san yadda za ta same shi ba. Mako biyun Madam Ladi suka wuce. Yatsun sun yi laushi, suna buɗuwa in an buɗe su, amma da kansu ko motsi.

Rana ta ashirin da shida, ta gama, ta ajiye hannun a kan tabarma tana goge mai. Sai ta ga zanen yana rawa, alhali ba iska. Ta duba ƙasa. Yatsu biyu sun kama gefen atamfar, suna ja, suna saki, suna ja. Zanen ya zame daga igiya ya faɗo a cinyarta.

Ba ta samu damar sunkuyawa ba. Wani tsoho ne ramamme, bakinsa ya karkace, yana kallonta. Ya yi ta kokawa da harshensa, kalma ta ƙi fita. Sai ya buɗe yatsun nan biyu, da kansa, ya tura mata hannun.

Hamdiyya ta sake ɗebo man kaɗe.