Lutfi a Ƙofar Otal

Tun safe Lutfi, ma'aikacin haraji, yake kai-komo a bakin kasuwar kifin Safakis, ya kasa shiga. An ƙara haraji don a biya ƙasashen da ke bin gwamnati bashi, ga kuma baffansa Munji yana sayar da kifi a teburin farko.

Tsohon ya hango shi. "Shigo mana, ɗana. Bashin nan da ni aka ci? Ka fara da mai otal ɗin can tukuna."

"Dokar ta hau kan kowa, Baffa."

"To, je ka gaya masa."

Ya kuwa je. Bai gama gaisawa da maigadi ba shugabansa ya bugo waya, wai ya koma kasuwa. Lutfi ya kashe wayar, ya ce zai jira mai otal. Zama ya gagare shi, a tsaye ya yini.