Ranar da Zumuntar Mata Ta Je Kangon Trikania

A Trikania, bayan layin dogo, akwai wani kango da aka fara ginawa lokacin da ƙasar nan ke cikin wadata, aka kai shi linta, wato saman ƙofofi, aka tsaya. Mai shi ya yi niyyar bene ne, don haka akwai matakala a ciki wadda ta hau sama ta ƙare a iska. Da yamma ƙadangaru kan hau can ƙarshenta su zauna kamar masu jiran a ci gaba da ginin. Gwanda ta tsiro a tsakiyar inda aka nufa da falo, ta yi tsawo har ta leƙa waje, amma fure kawai take yi, ba ta taɓa ɗa ba. Ɗaki ɗaya ne aka yafa wa tsohon kwano. A cikinsa Juliana ke kwana da mijinta Shekari da 'ya'yansu mata biyu, tun farkon damina.

Masaƙar da Shekari ke aiki a Kakuri ce ta rage ma'aikata, abin ya faɗo har kansa. Mai gidan da suke haya ya yi haƙuri iyakar haƙurinsa, daga baya ya aiko kafinta ya cire musu ƙofar ɗaki. Suka kwashe kayansu a amalanke tun maƙwabta ba su fito ba. Duk wanda ya tambayi Juliana sai ta ce sun koma Kamazou, can iska ta fi kyau.

Ba wanda ya yi shakka a cocinsu, domin ba ta taɓa fashin taron zumuntar mata ba. Ita ce mai kiɗan tulu. Tulun ƙasa ne da ake bugun bakinsa da guntun soso, ya riƙa amsawa daga can ciki kamar saniya a rijiya, kuma in ba shi waƙar mata ba ta da ƙafa. Zanin zumuntarta kullum a wanke yake. Ba ta da gawayin guga, sai ta ninke shi ta sa ƙarƙashin tabarma su kwana a kansa. Yaran ne ta daina zuwa da su, ta ce Kamazou da nisa. Gaskiyar maganar, wuyan Saratu, ƙaramar, ya fara yin tsawo, matan zumunta kuwa suna da ido.

Wata Talata bayan addu'a, Mama Rebecca, uwar zumunta, ta tafa hannu.

"Mata, ku natsu. Akwai Hadiza mai waina da muke zama kusa a kasuwa. Ta ce mini wasu iyali suna kwana a wani kango a Trikania. Ta ga yara mata biyu a bakin layin dogo suna tsintar raken da mutane suka tauna suka zubar, suna sake tsotsa. Ta ce kamar namu ne, ta ji babbar tana waƙar coci. Musulma ta gani ta ji tausayi, mu muna nan muna kaɗa ƙugu?"

Aka yi dariya kaɗan, aka yi tsaki da yawa. Aka tsayar da Asabar da yamma, kowace mace ta kawo abin da Ubangiji ya hore mata.

Zumunta kuwa ba ta kai taimako shiru. Layi ake yi, anko ɗaya, kaya a ka, waƙa a baki, mai tulu a gaba, har ƙofar wanda za a ba. Juliana ta kai mata ƙofofi da yawa haka, ba ta taɓa tunanin yadda kiɗan yake a kunnen wanda ke cikin ɗaki ba.

Ƙawarta Edith ta zungure ta. "Maman Comfort, kin yi shiru kamar an ce ke za ki ciyar da su. Wai yaushe za ki kai mu sabon gidan nan naki? Ko tsoro kike mu cinye miki kaji?"

"Sai na gama gyara," in ji Juliana.

Da ta koma, ta tarar da Shekari zaune a kan bulo yana cire ƙaya a ƙafa. Ya yini a tasha yana neman dako, ya dawo da ƙullin garin rogo da bai cika tafin hannu biyu ba. Ta gaya masa abin da aka tsayar.

"To, su zo mana," ya ce. "Ke ba kya ganin yaran nan?"

"Ni zan kaɗa musu tulu har ƙofar nan, Baban Comfort. Ni."

Ya ci gaba da tonon ƙafarsa.

"Ranar Asabar ka ɗauke su ku tafi bakin kogi," ta ce. "In an zo ba kowa, zan ce a ajiye kayan a ɗaki mu tafi. Mu ci abinci, mutuncinmu kuma yana nan."

"In suka ƙi fa?"

"Za su ji maganata. Shekara nawa ina cikinsu?"

Ya dube ta, ya dubi ɗakin da yaran ke kwance tun rana ba ta faɗi ba, don Comfort, babbar, ta gano cewa in an kwanta, cikin mai yunwa ya fi yin shiru.  Ranar Asabar ya goya Saratu, ya kama hannun Comfort, suka bi layin dogo.

Juliana ta tattara duk abin da zai tona ta: hoton aurensu, rigar aikin Shekari, takalmanta na Lahadi. Ta hau da su can ƙarshen matakala ta danne da bulo. Ta share ɗakin da falon gwanda har sau biyu, ba ta san don me ba. Gudummawarta kuwa, rabin sabulun da take wanke zanin zumunta da shi ta yanka ta naɗe a takarda.

Suka taso daga coci rana ta yi sanyi. Garin masara a daro, wake, doya, kwalaben manja, gishiri, tsofaffin zannuwa, har da wata da ta kawo tabarma sabuwa. Juliana ta ɗaure tulun a kwiɓi da tsohon ɗankwali ta shiga gaba. Abin mamaki, ba ta taɓa kiɗa mai daɗin na ranar ba. Cikinta ba komai, tulun ma ba komai, sai suka riƙa amsa wa juna. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo. Ta ja ɗankwali har gira, tana gode wa anko, domin a cikinsa mata duk fuskarsu ɗaya ce.

Da suka tsallake layin dogo hanya ta rabu biyu cikin gonakin masara. Mama Rebecca ta tsaya tana waige-waige. Ƙafafun Juliana kuwa sun riga sun bi hagu.

"Ke, ya aka yi kika san hanya?" in ji Edith.

"Ba ga kan gwanda can ba? Inda gwanda take ai akwai mutane."

"Su Maman Comfort an zama 'yan sanda," in ji Edith, aka yi dariya aka biyo ta.

A bakin kangon suka ƙarasa waƙar. Mama Rebecca ta yi sallama sau biyu, ta ƙara da ƙarfi. Ƙadangare ne kawai ya ɗaga kai. Suka shiga, suka sauke kaya a gindin gwanda, suka bazu suna leƙe-leƙe kamar yadda mata kan yi a ɗakin amarya.

Edith ta buɗe tukunyar da ke kan murhu. "Yesu! Wannan tukunya ta manta da wuta. Ku zo ku ga, har gizo-gizo ya fara aiki."

"Amma matar ta iya shara," in ji wata.

"Shara za su ci?" in ji Edith. "Wace irin uwa ce za ta bar 'ya'yanta suna tsotsar abin da wani ya tofar? Ba ta da baki ne? Ba ta da coci?"

"Ƙila mijin ɗan burkutu ne," in ji wata dattijuwa daga baya. "Irin waɗannan, ka ba su gari da yamma, da safe yana gidan giya."

Juliana na tsaye da tulu a kwiɓi. Ta ga wata ta ɗaga tabarmarsu da ƙafa, ta ga wata ta ɗauki 'yar rigar Saratu da yatsu biyu ta mayar. Ta matsa kusa da uwar zumunta.

"Mama, hadari na haɗuwa. Mu sa musu kayan a ɗaki mu tafi, in sun dawo sa gani."

"A ɗakin da ba ƙofa? Kafin mu kai titi ɓatagari sun kwashe."

"Sai mu rufe da tabarma."

"A'a, Maman Comfort. Kayan Ubangiji ba a jefar da shi kamar ana ba kare. Hannu da hannu ake bayarwa, a yi wa mutum addu'a, a san sunansa. Ƙila ma sun tashi, kin ga ko takalmi babu a ɗakin. Akwai waɗanda ruwa ya ci wa gidaje a bakin kogi, suna kwana a aji a makarantar firamare. Mata, ku ɗauka, mu kai musu kafin ruwa ya sauko."

Aka fara naɗa gammo. Juliana ta ga daron garin masara ya tashi daga ƙasa ya hau kai. Wake ya bi shi. Doya ta bi. Wadda ke ɗauke da manja ta riga ta kai bakin ƙofa, hasken yamma ya ratsa kwalbar ta yi ja kamar garwashi.

"Ku sauke," in ji Juliana.

Ba wadda ta ji, surutu ya yi yawa. Ta ɗaga soson ta bugi bakin tulun sau ɗaya da dukan ƙarfinta. Duk suka juyo.

"Ku sauke. Nan ne Kamazou ɗin."

Edith ta fashe da dariya, ta dubi fuskar ƙawarta, dariyar ta yanke. Murfin tukunyar na hannunta har lokacin, ta rasa inda za ta ajiye shi. Dattijuwar da ta yi maganar burkutu ta sulale waje kamar wadda aka kira.

Mama Rebecca ta dubi Juliana. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun ruwan farko, Mama."

"Kuma kowace Talata kina zaune kusa da ni. Kafaɗarki na taɓa tawa."

Juliana ta sunkuyar da kai. Ta kwance ɗankwalin da ya riƙe tulun, ta ajiye shi a ƙasa a hankali, sai ta ga ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. A irin wannan lokaci mai karɓa yakan miƙa hannu biyu, mata su zagaye shi. Wata yarinyar amarya da ba ta daɗe da shiga zumunta ba ta ɗauko waƙar bayarwa da siririyar murya.

"Ba waƙa," in ji Mama Rebecca.

Aka sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, ba mai duban wata. Ruwa ya fara sauka, manyan ɗigo jefi-jefi a kan ganyen gwanda, matan suka cusu cikin ɗakin kwano ɗaya, wasu suka tsaya a ƙarƙashin matakala.

Ruwan ne ya koro Shekari daga bakin kogi. Ya shigo da gudu da Saratu a kafaɗa, Comfort na biye, ya yi turus da ya ga anko cike da ɗakinsa. Ya sauke yarinyar, ya cire hula, ya ce, "Sannunku da zuwa, iyaye," yana duban ƙasa.

Saratu ta ratsa tsakanin zannuwa ta kama ƙafar uwarta.

"Mama, an gama ɓuyan? Baba ya ce sai baƙi sun tafi."

 Mama Rebecca ta durƙusa, gwiwoyinta na ƙara, ta kama hannun yarinyar ta zagaye shi da yatsu biyu, yatsun suka haɗu har da saura. Ta saki da sauri. Comfort kuwa ba ta gaida kowa ba, idonta na kan daron gari.

"Edith, ajiye murfin nan ki hura wuta," in ji Mama Rebecca.

"Bari, Mama," in ji Juliana. "Itacen a jiƙe yake, ni na san yadda nake yi da shi."

Ta durƙusa a gaban murhun da zanin zumuntarta, ta jera karan masara da guntayen katako, ta ƙyasta ashana.

"Akwai ɗakin da muke ajiye bencina a bayan coci," in ji Mama Rebecca daga bayanta. "Yana da ƙofa. Gobe bayan sujada zan sa maza su zo da amalanke."

Juliana ba ta juyo ba. "Za a faɗa a coci?"

"Ko ba a faɗa ba za a gani, 'yata."

Shekari ya ce, "Mun gode, Mama," da wata murya da ba a saba jin sa da ita ba.

Juliana ta kifa fuska kusa da toka tana hurawa. Hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, matan suna tari a hankali, ba wadda ta san ko za ta zauna ko za ta tafi. Ta ci gaba da hurawa har bayan wutar ta kama, don ta san in ta ɗago dole ta dube su. A gefenta Comfort ta riga ta ɗora tukunyar, tana tsiyaya ruwa a ciki, tana tambaya a hankali ko tuwo za a yi ko kunu ya fi sauri.